Yatsu Huɗu Tsakanin Taya da Bodi

Tun da aka yi wa Baba aikin ido, likita ya ce shi da tuƙi sun yi sallama. A-kori-kurarsa, wadda ya tsufa yana dakon kayan gini da ita, ta zauna a ƙofar gida har kajin maƙwabta suka mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Yayyen 'yarsa Auta maza duk suna wasu garuruwa, kowa da aikinsa. Ita kaɗai ta rage a gida, kuma ita ce tun tana ƙarama take tsugunawa kusa da Baba tana miƙa masa sifana in ya shiga ƙarƙashin mota. Ta iya tuƙi, tana da lasisi. Wata safiya ta ɗauki makulli, ta kori kajin, ta fara kai ƙananan kaya: ƙofofi, bokitan fenti, bututun ruwa.

Kawu, ƙanen Umma, bai ga dacewar haka ba. Shi ma yana da motocin kaya da direbobi, kuma ya daɗe yana yaba lafiyar injin motar Baba.

"Yaya, mota fa ba keken ɗinki ba ce," ya ce wa Baba. "Ku ba ni ita in sa mata direba, yarinya ta huta ta nemi aikin ofis. Ko ba don shi ta yi karatu ba?"

Umma kuwa, duk ranar da Auta ta fita da mota, abinci ba ya wuce mata wuya sai ta ji ƙarar injin a ƙofa.

Baba ya daɗe yana juya maganar kafin ya yanke. Akwai wani ɗan kwangila da ya fi kowa daɗewa yana ba shi aiki. Yana gina gidan sama a bayan gari, kuma yana so a kai masa tayil da safe, domin ya tara masu ɗaurawa su fara aiki a ranar.

"Ta kai masa," in ji Baba. "In ya gamsu, mota ta zauna a hannunta. In ya yi ƙorafi, ka zo ka ɗauka, ba zan ce uffan ba."

Damuwar Auta ba tuƙi ba ce. Ita gajera ce, sai ta zauna a kan matashi take ganin hanya sosai. Ga shi sifirin ɗin motar, faifayen ƙarfen nan da ke ɗauke da baya, sun gaji. Da an ɗora kaya mai nauyi sai baya ya durƙushe, hanci ya ɗaga sama, sitiyari ya yi sakayau a hannu, ita kuma ta koma ba ta ganin komai sai saman bishiyoyi da wayoyin lantarki. Ran da ta ɗauko siminti, sai da ta riƙa leƙawa ta taga kafin ta san inda kwalta ta ƙare.

Shi ya sa ta kai motar gareji aka sa mata jakunkunan iska. Wasu baƙaƙen robobi ne masu kauri, kowace kamar ƙaramar ganga, ɗaya a kowane gefe, a zaune tsakanin ƙarfen tayoyin baya da gangar jikin mota. Siririn tiyo ya taso daga kowace ya fito kusa da lambar baya, da baki irin na taya. In an yi lodi sai ta jona ɗan famfo a wurin cajin waya, ya yi ta gurnani, bayan mota ya miƙe a hankali kamar tsohon da aka kama wa hannu. Ranar da ta fara gwadawa, ta hau kujera ta ga kwalta shimfiɗe a gabanta, ta ji kamar an ƙara mata tsawo.

Kawu kuwa ya sa musu suna balan-balan.

Ranar kai tayil, tun a gida Auta ta cika jakunkunan taf, don ba ta so a gaban Kawu a ga bayan motarta ya durƙusa ko na ɗan lokaci. Su uku suka matsu a gaba. Baba zai ga lodi ya koma gida a tasi, Kawu kuma zai bi ta har wurin gini ya zama shaida. Da yake mota fayau take ga iska cike, duk ramin da ta faɗa sai baya ya yi tsalle.

"Malama Direba," Kawu ya ce yana riƙe hularsa, "mota muka hau ko ɗan akuya?"

Shagon tayil dogo ne mai duhu, kwalaye jere har rufi, ƙasa duk farin garin fasassun tayil. Mai Tayil, wani mai tumbi da biro a bayan kunne, ya fito ya rungume Baba.

"Ashe kana duniya! Wannan baƙin tabarau ai sai ka ce ɗan wasan fim."

"Kai kuma tumbin nan sai ka ce lodin da aka manta ba a ɗaure ba."

An shirya sawu biyu ne, rabi yanzu, rabi in ta dawo. 'Yan dako suka fara jido kwalaye a kafaɗa, Auta tana tsaye tana nuna musu su fara daga jikin gidan direba su yo baya. Baba ya zauna a kan benci, kunnensa na bin ƙarar kowane kwali.

Shi Baba bai taɓa hawa sikeli da mota ba. Ma'auninsa hannunsa ne. Yakan zura yatsu huɗu a jere tsakanin saman tayar baya da bakin bodi, wato gangar jikin mota. In sun shige da sarari, akwai sauran wuri. In sun shige cif, lodi ya cika, ko uban wa ya roƙe shi ba ya ƙara ko bulo ɗaya. Duk 'yan dakon kasuwar sun san haka, har wasu direbobi sun kwaikwaya.

Da aka gama ɗora rabin farko, ya ce a tsaya. Ya bi jikin mota da tafin hannu har ya isa taya, ya sunkuya ya zura yatsu. Suka shige, har yana juya hannu a ciki.

"Kun gama na sawun farko?"

"Mun gama, Baba," in ji babban 'yan dako.

"Ikon Allah. Ita ba ta ma san an ɗora mata komai ba. Ku ƙara."

Suka ƙara. Ya auna, ya ce su ƙara. Mai Tayil ya ce in haka ne ai gara a kwashe duka, kowa ya huta.

Auta tana gefe tana kallon ƙasa, don haka ta ga abin da yatsun Baba ba sa taɓawa. Bodi yana tsaye ƙyam, amma ƙasan tayoyin baya ya fara bajewa a kan siminti, gefensu ya yi ciki.

"Baba, tayoyin..." ta ce, murya can ƙasa.

"Me kika ce?"

"Na ce cikin tayoyin ya ɗan fito."

Kawu ya riga Baba amsawa. "Duk mai ɗauke da kaya ai dole ya yi ciki. Dubi Mai Tayil." 'Yan dako suka fashe da dariya, har shi Mai Tayil ɗin. "In balan-balan ɗinki ba za su ɗauki kaya ba, don me kika sa su? Don ado?"

Ta dubi Baba. Tun da aka yi masa aiki ba ta ga fuskarsa haka ba. Ya miƙe tsaye, yana ba da umarni, ana cewa to, Baba. Ta sake duban motar, ta ga ko kaɗan hanci bai ɗaga ba. Ta ce a ranta wataƙila haka abin yake, wataƙila don wannan aka yi jakunkunan.

Da kwalin ƙarshe ya hau, Baba ya zura yatsu huɗu suka shige cif. Ya daki bodi da tafin hannu.

"Sawu ɗaya! Ki ɗaure da kyau, Auta. In kin isa ki gaishe da ɗan kwangilar."

Daga kan kujera komai daidai yake. Hanya na gabanta, sitiyari da nauyinsa. Amma tashin farko sai da injin ya yi nishi, kuma a mararrabar kasuwa da ta taka birki, motar ta ƙara ɗan tafiya kamar akwai mai tura ta daga baya. Ta rage gudu sosai. Masu babura suka riƙa wuce ta suna danna mata oda.

"A wannan tafiyar sai masu ginin sun tare a gidan kafin mu isa," in ji Kawu.

Bayan shataletale na ƙarshe akwai dogon gangare da ke sauka zuwa gada. Tun daga sama ta sa ƙaramar giya, injin ya kama kuka. Duk da haka gudu sai ƙaruwa yake. Ta taka birki ta saki, ta taka ta saki. Can tsakiyar gangaren wani ƙauri ya shigo ta taga, birkin kuma ya fara laushi, yana nutsewa ƙasa fiye da yadda ta san shi. A ƙasa, dab da gada, wata bas ta tsaya tana sauke fasinja, rabinta a kan kwalta.

"Taka!" Kawu ya daka tsawa. "Taka mana!"

"Ina takawa."

"Innalillahi! Auta!"

Ba ta dube shi ba. Ta danne birki da duk nauyinta har ta tashi daga kan matashi, ta ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, ta karkatar da mota zuwa tsakuwar gefen titi. Tsakuwa ta riƙe tayoyi, kwalaye suka yi ƙara a baya. Motar ta ja, ta ja, sannan ta tsaya, hancinta dab da bayan bas, har Auta na ganin tsatsar da ke jikin lambarta. Bas ɗin ta tashi abinta. Direbanta bai ma san an yi ba.

Hular Kawu tana ƙasa kusa da giya. Ya ɗauka ya sa ta a karkace.

Akwai gidan mai a gaba kaɗan, kafin gada. Ta lallaɓa motar ta shiga, ta tsaya a jikin katanga nesa da famfunan mai. Ta sauko. Ta kai hannu kusa da ƙarfen taya, zafi ya kore ta tun ba ta taɓa ba. Tayoyin baya sun baje kamar za su tsage. Amma bodi yana nan tsaye ƙyam, kamar ba abin da ya faru.

Ta daɗe tana kallon wannan tsayuwar. Sannan ta zagaya baya, ta tsuguna kusa da lamba, ta danna tsinken bakin tiyo da kan makulli. Iska ta fara huci. Ta danna ɗayan. Bayan mota ya yi ta sauka, yana sauka, faifayen ƙarfe suna ƙara, har bakin bodi ya kusa kwantawa a kan taya. Ta gwada zura ɗan yatsa ɗaya, da ƙyar farce ya shiga.

"Me kike yi haka?" Kawu ya fito yana gyara babbar rigarsa. "Kin sace wa mota iska? Mayar, mu tafi. Ga ginin can ana hangowa."

Gaskiya ne, ana hango shi a kan tudu a ƙetaren gada. Amma Auta ta san hanyar. Bayan hawan akwai wata gajeriyar gangara mai kwana kafin ƙofar gini.

"Kawu, iskar baya kawai take ɗagawa. Nauyin yana nan inda yake. Birki na jiya ne, tayoyi na jiya ne."

"To sai me? A bar shi ya huce, a tafi a hankali."

"Zan sauke rabi."

"A nan? Wa zai sauke miki? Kin ga ɗan dako a nan?"

"Ni."

Ya yi dariya, amma da ya ga ta fara kwance igiya sai dariyar ta tsaya.

"Ke, saurara. Mutumin can ya tara ma'aikata suna jira. In kika makara zai kira babanki, kin kuma san abin da aka yi alkawari. Ni da ke neman motar nan nake gaya miki, ki mayar da iska ki wuce, ki tsira da ita."

Ta tsaya da igiya a hannu. Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta san ba da mugunta ya faɗa ba.

"Na sani, Kawu," ta ce. Ta ci gaba da kwancewa.

Wata doguwar mata mai zuba mai, da jar rigar aiki, ta matso ta ga abin da ake ciki. Auta ta gaishe ta, ta roƙi a ba ta aron jikin katanga na ɗan lokaci. Matar ta dubi tayoyin, ta kama haɓa.

"Ƙanwata, da wannan kika sauko gangaren can? Jera abinki. In manaja ya zo ni zan yi masa bayani."

Kowane kwali ya kai nauyin jarkar ruwa cike. Auta ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta buɗe ƙofar baya, ta jawo na farko ta rungume a ƙirji, ta kai jikin katanga ta jingina shi a tsaye yadda ta ga ana yi a shago. Ta dawo ta ɗauki na biyu. Gefen kwali yana yankar hannu, sai ta naɗe tafukanta da tsumman goge gilashi. Rana ta hau. Gumi ya riƙa shiga mata ido. Duk lokacin da babu mota a famfo, mai zuba mai takan zo ta kama mata.

Kawu yana tsaye a inuwa, ya rungume hannu, yana duba agogo yana tsaki.

"Yallaɓai," mai zuba mai ta ce tana wucewa da kwali, "'yarka ce?"

"'Yar yayata ce. Taurin kai ne da ita kamar ƙusa."

"Allah sarki. Na ɗauka fasinja ne kai. Ka matsa kada mu ɓata maka riga."

Sai Kawu ya tuɓe babbar rigar, ya ninke ta ya ajiye a kujerar mota, ya hau baya da 'yar ciki.

"Ba don ke ba," ya ce wa Auta yana miƙo mata kwali. "Don kada a yi da ni a gari ne. Riƙe ta ƙasa, kada ki fasa wa mutane kaya."

Rana ta karkata kafin su raba kayan biyu. Auta ta matsar da na cikin mota ya zauna daidai, ta ɗaure, sannan ta jona famfo ta ɗaga baya. Birki ya huce. Kawu ya zauna a kan tulin kwalayen da ke jikin katanga yana fifita da hula, ya ce ta je, shi zai yi gadi, ƙugunsa ma ba zai bar shi ya motsa ba.

Motar ta haye gada ta hau tudu ba gardama, a gangara mai kwana kuma birki ya kama tun takun farko. Amma da ta shiga harabar gini, masu ɗaura tayil biyu kawai ta tarar a zaune a kan bulo. Sauran sun gaji da jira sun tafi wani aiki. Ɗan kwangila ya fito da hular kwano a kai, ya leƙa bayan mota.

"Ina sauran?"

"Suna gidan mai, ranka ya daɗe. Nauyi ne ya yi yawa, na raba. Yanzu zan..."

"Tun safe aka ce min an taso da kaya duka. Kin san yadda na sha wahala kafin in tara mutanen nan rana ɗaya? Babanki bai taɓa yi min haka ba. Ko sau ɗaya."

Ta so ta yi masa bayanin birki, amma ya riga ya juya yana danna waya. Leburori suka sauke kayan. Kafin ta koma gidan mai, su sake lodi ita da Kawu da mai zuba mai, ta dawo, an tashi daga aiki. Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce ba mai saukewa, sai gobe.

Haka suka nufi gida da rabin tayil a baya. A hanya Kawu bai yi tsokana ko ɗaya ba.

Baba yana zaune a kujerar roba a ƙofar gida, rana ta yi sanyi, Umma na tsaye a bayansa. Da ganin hannayen Auta naɗe da tsumma, Umma ta dafe ƙirji.

"Ɗan kwangila ya kira ni," in ji Baba, tun ba su gama gaisuwa ba. "Ya faɗi abin da ya faɗa. Ni abin da ban gane ba, lodin da na auna da hannuna, me ya sa aka raba shi a titi?"

Kawu ya gyara murya zai fara. Auta ta riga shi.

"Baba, zo ka auna wannan."

Ta je baya ta sace iskar, ta bar 'yar kaɗan don kada roba ta naɗe. Sannan ta kamo hannunsa ta kai shi wurin taya. Ya sunkuya ya zura yatsu huɗu. Suka shige cif.

"Wannan ai lodi ne cikakke," ya ce.

"Rabi ne, Baba. Rabin na safe."

Ya bi jikin mota ya zagaya ɗaya gefen, ya auna. Ya dawo.

"Ka bar hannunka a wurin," ta ce. Ta jona famfo. Ya fara gurnani, bodi ya rabu da yatsun Baba ya yi sama a hankali, har tafin hannunsa duka ya sami wuri, ba a cire ko kwali ɗaya ba. Ta kashe famfon.

Baba ya daɗe a sunkuye. Ya zare hannun ya riƙe shi da ɗayan.

"Ashe da safe iska nake aunawa," ya ce.

Ya shafa gefen taya, ya kai hanci kusa da ƙarfen ya shaƙi sauran ƙaurin. Sannan ya miƙe ya juya inda yake jin numfashin Kawu.

"A ina ya saki?"

"Gangaren gada," in ji Kawu. "Ga bas a tsaye a ƙasa. Yaya, ni dai na riga na yi kalmar shahada."

Umma ta zauna a kujerar Baba ba tare da ta sani ba.

"Amma magana magana ce," Kawu ya ci gaba, yana dafe da ƙugu. "Ka ce in mutumin ya yi ƙorafi. Ya kuwa yi."

"Ya yi. A kan lodin da ni na ce a ƙara, kai kana ba 'yan dako dariya. In tambaye ka mana. Da direbanka ne a gidan man nan, me zai yi?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Da ya mayar da iska ya wuce."

"Ya isa?"

"Allah kaɗai ya sani."

"To ni ba na ba da motata ga Allah kaɗai ya sani. Tana nan a hannunta. In ka ga na saɓa alkawari, ka kai ƙarata wurin yayarka."

Kawu ya dubi Umma. Umma ta dubi hannayen 'yarta, sannan ta ce, "A sayo mata safar hannu dai."

"Shi ke nan, an haɗe min kai," in ji Kawu. "Ni dai na gama shiga motar nan. A ba ni ruwan zafi da man shafawa, bayana ya tashi daga aiki."

Auta ta juya za ta ja tamfol ta rufe kaya, Baba ya kira ta.

"Ke kuma. Kin ga cikin taya da safe?"

"Na gani, Baba. Na faɗa."

"Kin faɗa wa takalminki. Da ma kin cika iska tun a gida ba ki gaya min ba. Daga yau iska sai an gama lodi, an auna. In kuma kin ga abu, ki ɗaga murya yadda kurma zai ji, ko a gaban wa nake."

"To, Baba." Sannan ta ce, "Ka kira ɗan kwangilar ka ba shi haƙuri? Ya fi jin maganarka."

Baba ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, ya miƙa mata.

"Mai mota ke kira."

Ta karɓa. Tafin hannunta na zafi, wayar na neman zamewa. Ta nemo lambar, ta matsa jikin mota, ta jingina da bodi. Ta ji tana ƙara, tana ƙara, har ta fara fatan kada a ɗauka. Aka ɗauka.

"Na ce maka na gama magana," muryar ɗan kwangila ta fito da zafi.

"Ranka ya daɗe, ba Baba ba ne, direbar ce," ta ce, da ƙarfin da har Umma ta ɗago kai. "Sauran tayil ɗinka suna wurina, ko ɗaya bai fashe ba. Gobe kafin ma'aikatanka su iso ina bakin ƙofa. Ka gaya wa mai gadi ya buɗe min."

Ta riƙe wayar gam.

"Ki zo," ya ce. "Akwai ƙofofi ma da za a ɗauko. Sawu nawa za ki yi musu?"

"Sai na ga nauyinsu," in ji Auta.